Saita maɗaurin takalmin ski: abin da aka tattauna

An yi doguwar muhawara kan yadda ake saita maɗaurin, wato abin da ke riƙe takalmi a kan ski (dogayen allunan da ake zamiya da su a kan ƙanƙara). Ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Lambar DIN, wadda ke nuna ƙarfin da zai sa maɗaurin ya saki takalmi, ba a cankarta. Ana fitar da ita daga nauyi, tsayi, shekaru, salon gudu, da tsawon tafin takalmi a milimita, wanda ke rubuce a gefen dunduniya. Wanda bai kai shekara 10 ba, ko ya kai 50, ana sassauta masa mataki ɗaya.

2. In lambar ta yi tsauri, takalmi ya ƙi fita in an faɗi, ƙashin ƙwauri ya karye. Ta yi sako-sako, ya suɓuce ana tsakiyar gudu.

3. Matsin dunduniya, wato yadda bayan maɗaurin ke tura takalmi gaba, shi ne aka fi mantawa. A sa takalmin, a duba alamar da ke bayan maɗaurin. In ba ta zauna inda kamfanin ya nuna ba, lambar ta tashi a banza.

4. Tafin GripWalk, wani tafin takalmi mai roba don sauƙin tafiya, sai maɗaurin da aka yi dominsa. A kuma kankare ƙanƙarar da ta manne kafin a taka.

5. Kowace kakar ski a kai maɗaurin a gwada da na'ura, domin sifirin da ke cikinsa yana gajiya.

Inda aka rabu: masu cewa in takalmi yana yawan suɓucewa a ƙara lamba, da masu cewa a fara duba matsin dunduniya da tafin da ya cinye. Na biyun sun fi hujja a ganina. Sassauta sifirin bayan kaka kuwa, har yanzu ana ja.