Daɓen katako da tsohuwar mota: abin da masu harkar suka ce

Kan daɓen katako, bakin kowa ya zo ɗaya: ruwa ne babban abokin gabansa. A fara share yashi, don shi ke kankare sheƙin daɓe a ƙarƙashin takalmi, sannan a goge da tsumman da aka matse sosai. Na'urar goge ƙasa mai tururi kuwa, a bar ta, tana tura danshi tsakanin allunan har su kumbura. Wasu sun yabi ruwan khal, wasu suka ce yana dusashe sheƙi a hankali, kuma ina ganin na biyun sun fi gaskiya. Gwajin da ya fi burge ni: ɗiga ruwa inda aka fi takawa. Idan ya tsaya dunƙule, fentin na nan. Idan ya nutse katakon ya yi duhu, lokacin sabon shafi ya yi.

Tsohuwar mota kuma, zama ya fi tafiya lalata ta. A fita da ita har injin ya yi zafi, ba a tayar a kashe a gareji ba, don ruwa kan taru a salansa ya jawo tsatsa. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi, a sauya shi duk shekara 2. Fetur mai etanol (wani nau'in barasa da ake gauraya wa fetur) yana cin tsofaffin tiyon roba. Taya na tsufa ko da zanenta bai cinye ba, don haka a duba lambobi 4 na ƙarshe na lambar ƙira da ke jikinta: 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2018.