Ginin Elmina: ganuwa ce, ko sansani, ko kagara?

Jama'a, salamu alaikum. Ina wani rubutu kan tsohon ginin nan na Elmina da ke bakin teku a Ghana, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Turawa na ce masa "castle", wani sa'in "fort". Mu me za mu ce?

Ganuwa ce ta fara zo mini, amma ban daɗe da ita ba. Ganuwa gari take kewayewa, irin ta Kano ko ta Zazzau. A cikinta ake noma, a ci kasuwa, a yi aure. Na Elmina gini ne guda a kan fa, teku a gefe, bakin kogin Benya a ɗaya gefen, 'yan gari kuwa suna waje. A 1873 ma Turawan Ingila ruwan wuta suka yi wa tsohon garin da ke gindinsa har ya zama kufai. Ganuwar da za a ƙone gari a bar ta tsaye, ai ba ta garin ba ce.

Ku dubi yadda aka kafa shi. A 1482 sarkin Fotugal, João na Biyu, ya turo Diogo de Azambuja da jiragen ruwa, da sojoji da magina, har da sassaƙaƙƙen dutse daga can gida. Suka sa masa suna São Jorge da Mina, "mina" kuwa mahaƙa ce a harshensu, don zinariya ta kawo su. Ke nan tun ranar farko rumbu ne mai igwa: a tara dukiya, a tsare ta daga wasu Turawan. Daga baya hajar ta koma mutane. Ɗakunan ƙasa da aka yi don kaya aka riƙa cusa bayi maza da mata, gwamna yana bene a samansu, kafin a fitar da su ta wata 'yar ƙofa zuwa jirgi.

Wani abokina ya ce to mu ce gidan bayi, ko kurkuku. Gaskiya ne, amma gaskiyar zamani ɗaya. Mutanen Holan sun ƙwace ginin a 1637, bayan sun hau da igwoginsu tudun da ke fuskantarsa. Ingila ta karɓa a 1872. A nan aka tsare sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896 kafin a kai shi Saliyo, daga can sai tsibiran Seychelles. An horar da 'yan sanda a ciki. Yau gidan tarihi ne, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya tun 1979. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki ginin kansa, kome aka yi da shi.

Sansani? Ana kafa shi ne a tashi bayan yaƙi, wannan kuwa ya haura shekara ɗari biyar. Fada? Babu sarki. Ribaɗi ya so ya dace, don shi ma matsara ce ta bakin iyaka, kamar Wurno ta Sarkin Musulmi Bello. Sai dai kalmar tana da nauyin addini, ni kam bakina ba zai iya ɗora ta a kan wannan gida ba.

Inda na tsaya shi ne kagara. Tsohuwar kalma ce ta wurin da aka katange don tsaro, har akwai garuruwa masu sunan. Na san asalinta ta itace ce ko ta ƙasa, to amma jirgi ma kwalekwale ne kafin ya tashi sama. Sai mu ce kagarar Elmina. In ana maganar irinsu gaba ɗaya, su Cape Coast da Osu, kagarun bakin teku.

'Yan'uwanmu na zangunan Ghana, ga ku ga magana. Hausawa sun yi wa Turawa aikin soja a wannan gaɓa tun yaƙin Asante na 1873. In akwai sunan da kuka ji tsofaffi na kiran waɗannan gine-gine da shi, ku kawo, nasu ne a gaba da nawa.