Abin da aka ce kan kwamfutar ɗan wanmu

Ɗan wanmu ya sayo kwamfuta ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya dawo da ita Ringim. Kullum fanka na kuka, caji ba ya kai awa ɗaya, ga wuta sai a shagon mai sola. Da aka zauna bayan Isha'i a shagon, aka gano mai ita na farko ya bar XAMPP a ciki, wato manhajar da masu gina shafin intanet ke gwada aikinsu da ita a kwamfuta, kuma sassanta biyu, Apache da MySQL, suna tashi da kansu duk lokacin da aka kunna.

Wani malamin makaranta ya ce kada a goge fayil da hannu. A buɗe services.msc, inda Windows ke jera manhajojin da ke aiki a bayan fage, a tsayar da Apache da MySQL, sannan a cire XAMPP ta Control Panel. Idan kuma IIS ne ke tashi, wanda ke yin irin aikin Apache, shi na Windows ne, ana kashe shi a wurin kunna da kashe sassan Windows.

Mai shagon ya dage a fara kwafe jakar htdocs, inda XAMPP ke ajiye fayilolin shafuka, zuwa filasha, wai ko akwai aikin wani a ciki. Ni dai ban ga amfanin hakan ba, amma an yi.

Daga ƙarshe aka rubuta umarnin netstat -ano, mai nuna ƙofofin sadarwa da ake amfani da su a kwamfutar, aka ga babu abin da ke riƙe da ƙofa ta 80, wadda Apache ke amfani da ita.