Sauya sabar rumbun bayanai na Slurm: da wanne ya kamata a fara?

Mai_Gungu, Yamai:

Assalamu alaikum, ƴan uwa ma'abota wannan zaure. Ni ne ke kula da gungun kwamfutocin lissafi na wata cibiyar bincike a nan Yamai, wanda akasarin aikinsa hasashen yanayi ne da manhajar WRF, sai kuma ayyukan ɗalibai masu rubuta kundin digiri. Slurm ne ke tsara layin ayyuka, sigar 21.08, kuma slurmdbd, wato sashen Slurm mai rubuta tarihin ayyuka a rumbun bayanai, yana zaune a kan wata tsohuwar saba tare da manhajar rumbun, MariaDB 5.5, wadda ta zo cikin tsarin aiki na CentOS 7. An daina tallafa wa CentOS 7 tun ranar 30 ga Yuni 2024, ita kuwa MariaDB 5.5 tun 2020 masu ita suka daina yi mata gyara, ga shi kuma ɗaya daga cikin faifan sabar ya soma nuna alamun gajiya.

Yanzu an sayo mana sabuwar saba mai faifan SSD da wadatacciyar ƙwaƙwalwa, na kuma ɗora mata Rocky Linux 9. Niyyata ita ce in kwashe rumbun Slurm, wato slurm_acct_db, daga tsohuwar in zuba a sabuwar, sannan in ɗaga Slurm zuwa 24.11 gaba ɗaya a rana guda, domin kada in tsayar da masu bincike sau biyu. Abin da nake so in ji daga waɗanda suka taɓa yin wannan aiki shi ne, shin rumbun ake fara sauyawa ko Slurm? Kuma dole ne in dakatar da ayyukan da ke gudana kafin in taɓa rumbun, ko suna iya ci gaba? Ina so in kammala kafin zafin Afrilu ya kankama, lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ke yawan tafiya, kilim ɗin da ke sanyaya ɗakin kuma yake aiki da ƙyar.

Tsohon_Ma'aikaci, Yamai:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi kyau da ka tambaya kafin ka taɓa komai, domin shirin da ka zayyana ba zai yiwu ba yadda ka tsara shi, kuma dalilin yana cikin Slurm kansa. Kowace sigar Slurm tana iya karɓar bayanai ne daga sigogi biyu da suka gabace ta, sai daga 24.11 aka ƙara zuwa uku. Jerin shi ne 21.08, 22.05, 23.02, 23.11, 24.05, 24.11. Idan ka ƙirga baya daga 24.11 za ka tsaya ne a 23.02, wato 21.08 ta yi nisa. Saboda haka dole ka ya da zango a 23.02, wadda ke karɓar 21.08, sannan daga can ka wuce 24.11 a wani lokaci dabam. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma in ka haɗa sabon rumbu da sabon Slurm da sabon tsarin aiki a rana ɗaya, ranar da abu ya lalace ba za ka san wanne za ka tuhuma ba.

A cikin Slurm ɗin ma akwai jeri wanda ba a saɓa masa. Ana fara ɗaga slurmdbd, sai slurmctld mai rarraba ayyuka, sannan slurmd da ke gudanar da su a kan kwamfutocin lissafi. Sabon slurmdbd yana jin maganar tsohon slurmctld muddin tazarar ba ta wuce iyakar da na ambata ba, amma tsohon slurmdbd ba ya jin maganar sabon slurmctld.

Sai batun MariaDB, wanda nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Daga sigar 10.2.1 MariaDB ta sauya yadda take tafiyar da ƙimar asali ta wasu ginshiƙan rubutu, kuma wannan sauyi yana rikita tsofaffin sigogin slurmdbd. Takardun Slurm sun ja kunne cewa wanda zai tsallaka daga tsohuwar MariaDB zuwa 10.2.1 ko abin da ya biyo bayanta ya tabbatar slurmdbd ɗinsa ya kai 22.05.7 ko sama. Rocky 9 tana zuwa da 10.5, kai kuma kana kan 21.08, don haka abin da ba za ka yarda ya faru ba ko na minti ɗaya shi ne slurmdbd 21.08 ya haɗu da sabon rumbun. Shawarata ita ce ka ɗaga slurmdbd zuwa 23.02 a kan tsohuwar sabar, ka bar shi ya yi ƴan kwanaki ka ga lafiyarsa, sannan ka kwashe rumbun.

Game da ayyukan da ke gudana, ba sai ka dakatar da su ba. Idan slurmdbd ya tsaya, slurmctld yana tara saƙonnin lissafi a wurinsa har ya dawo, sannan ya miƙa su. Abin da zai daina aiki shi ne sacct mai nuna tarihin ayyuka, da sacctmgr mai kula da asusun masu amfani, da sreport mai fitar da rahoto, kuma ba za ka iya ƙara sabon mai amfani ba. Amma taron saƙonnin yana da iyaka, wadda MaxDBDMsgs ke ƙayyadewa a slurm.conf, kuma in aka kai iyakar sai a fara asarar bayanai. Ka riƙa buga umarnin sdiag kana duban layin da ke nuna yawan saƙonnin da ke jiran DBD, wato slurmdbd.

Abu ɗaya kuma kada ka manta da shi. Karon farko da sabon slurmdbd ya tashi, yana sake fasalin teburan rumbun, kuma a babban rumbu wannan na iya cin awoyi. Kada ka tayar da shi da systemctl a wannan karon, domin systemd, mai kula da tayar da manhajoji a sabar, yana iya ɗauka ya maƙale ya kashe shi a tsakiyar aiki, ka tashi da rumbu rabi tsoho rabi sabo. Ka tayar da shi da hannu, slurmdbd -D -vvv, a cikin tmux ko screen domin kada ya tsaya in haɗinka da sabar ya yanke, ka zauna kana karanta abin da yake rubutawa har ya ce ya gama.

Ba'adare, Tawa:

Gaisuwa ga Mai_Gungu, da girmamawa ga Malam Tsohon_Ma'aikaci, wanda duk abin da ya faɗa game da jerin sigogi haka yake. Sai dai a wuri ɗaya ina da ja, Allah ya gafarta Malam. Ban ga dalilin da zai sa a yi sake fasalin teburan a kan tsohuwar sabar ba, alhali mai tambaya ya ce faifanta ya soma gajiya. Wannan aiki yana karanta kowane layi na manyan tebura ya sake rubuta shi, wato shi ne aiki mafi nauyi da faifan zai taɓa yi, kuma ana yin sa ne a kan kwafi ɗaya tilo da ake dogaro da shi. In faifan ya mutu a nan, ko kuran ya tafi gurup, wato janareta, bai tashi da wuri ba, an shiga uku.

Ni a ganina a bar tsohuwar sabar yadda take, kada a taɓa ta sam. A tsayar da slurmdbd, a fitar da kwafi da mysqldump na slurm_acct_db kaɗai, ban da rumbun mysql na tsarin, a zuba shi a sabuwar MariaDB, a sake ƙirƙirar mai amfani slurm da izininsa da hannu, sannan a tayar da slurmdbd 23.02 a can. Sharaɗin 22.05.7 ya cika, tunda 21.08 bai taɓa ganin sabon rumbun ba. In abu ya ƙi, sai a sake kunna tsohon slurmdbd kamar ba a yi komai ba. Wannan hanyar komawa tana buɗe ne har zuwa lokacin da slurmctld ya fara miƙa saƙonninsa ga sabuwar sabar, domin daga nan duk abin da ya shiga sabon rumbu ba ya cikin tsoho.

Babbar fa'idar wannan tsari ita ce ana iya yin gwajinsa tun yau ba tare da kowa ya sani ba. Ka ɗauki kwafin daren jiya ka zuba a sabuwar sabar, ka tayar da 23.02 da agogo a hannu, ka rubuta tsawon lokacin da kowane mataki ya ci, sannan ka share ka sake. Ranar aiki na gaske ba za ka yi kirdado ba, kuma za ka san ko batiran ondilar ɗinku, wato UPS, za su iya riƙe sabar na tsawon wannan lokaci.

Kafin gwajin ka gyara saitin InnoDB, injin ajiyar bayanai na MariaDB, domin wanda ke zuwa da MariaDB an yi shi ne don ƙaramin aiki. Ka ɗaga innodb_buffer_pool_size ya kai wasu gigabait tunda ƙwaƙwalwa ta wadata, ka ɗaga innodb_log_file_size, ka kuma mayar da innodb_lock_wait_timeout 900 kamar yadda takardun Slurm suka ba da shawara, don daƙiƙa 50 da yake zuwa da su ba su isa ba. Tunda sabon gini ne, ka duba MariaDB 10.11 maimakon 10.5, domin tallafin da masu MariaDB ke ba ta ya fi nisa, har 2028.

Malama_Hasashe, Yamai:

Ni ba mai kula da saba ba ce, ina cikin masu turo ayyuka ne, amma ina roƙon a saurari namu ɓangaren. Mu masu hasashen yau da kullum muna bin fitowar bayanan GFS, tsarin hasashen yanayin duniya na Amurka, waɗanda ke zuwa sau huɗu a rana, bayan zagayen ƙarfe 00 da 06 da 12 da 18 na agogon UTC, kuma rubutattun umarninmu da yawa suna kiran sacct don su tabbatar matakin farko ya ƙare lafiya kafin su tura na biyu. Malam ya ce ayyuka za su ci gaba ko da rumbun ya tsaya, kuma na yarda, amma irin waɗannan umarnai za su tsaya cik ranar da sacct ya daina amsawa. Don Allah a sanar da mu da wuri, a kuma faɗa mana a fili cewa sacct ne zai tafi, domin mu san abin da za mu gyara.

Haka nan a guji watannin da ake shirin hasashen damina, daga Afrilu zuwa farkon Yuni, lokacin da layin ke cika. Sannan ina da tambaya. Rahoton awoyin lissafi da muke miƙa wa masu ba da tallafi daga sreport muke ciro shi, wasu ayyukan kuma na shekaru uku ne ko huɗu. Shin waɗannan alkaluma za su tsira bayan sauyin?

Mai_Gungu, Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi hanyar Ba'adare na yi gwaji a kan kwafi, ya kuma wuce, sai dai da farko slurmdbd ya ƙi tashi har sai da na mayar da izinin slurmdbd.conf zuwa 600 a hannun mai amfani slurm. Na lura teburin matakan ayyuka shi ne ya cinye mafi yawan lokacin, kuma ba a taɓa share komai daga rumbun ba tun da aka kafa gungun. Ina tunanin in rage shi kafin ranar aiki, amma tambayar Malama ta sa na yi jinkiri. Yaya, me kake gani?

Tsohon_Ma'aikaci, Yamai:

Hujjar Ba'adare a kan faifan ta fi tawa ƙarfi, ka bi tasa. Game da tambayar Malama, hankalinki ya kwanta. sreport ba ya karanta teburin ayyuka ɗaya bayan ɗaya domin jimillar awoyi, yana karanta teburan taƙaitawa ne na awa da na rana da na wata, waɗanda slurmdbd ke tarawa da kansa, kuma suna cikin kwafin da za a kwashe. Share su yana ƙarƙashin wani saiti dabam, PurgeUsageAfter, wanda ba za a taɓa ba. Abin da za a rage shi ne matakai ta hanyar PurgeStepAfter, in an so har da tsofaffin ayyuka ta hanyar PurgeJobAfter, tare da kunna ArchiveSteps da ArchiveJobs da nuna ArchiveDir, domin a rubuta su a fayil kafin a cire su. Wanda ya nemi tsohon aiki da sacct ba zai gan shi ba sai an maido da fayil ɗin, saboda haka ku yi shawara da masu bincike a kan yawan watannin da za a bari.

Amma, ƙanena, kada ka yi sharar a kan tsohuwar sabar, saboda dalilin da Ba'adare ya kawo, domin ita ma aiki ce mai nauyi ga faifai. Tunda gwajin ya nuna sabuwar tana iya ɗaukar rumbun yadda yake, ka kwashe shi cikakke, ka kunna sharar bayan komai ya zauna, kana rage watannin kaɗan kaɗan.

Saura ƴan abubuwan da ke hana sabuwar saba magana da gungu ranar farko. Mabuɗin munge, manhajar da ke tantance saƙonni tsakanin kwamfutocin gungu, dole ya zama iri ɗaya da na sauran kwamfutocin, haka lambar shaida (UID) ta mai amfani slurm, kuma agogon sabar ya daidaita ta chrony, domin munge yana ƙin saƙon da lokacinsa ya kauce da mintuna kaɗan. Ka saita yankin lokaci zuwa Africa/Niamey kamar tsohuwar, don taƙaitawar rana da wata ta ci gaba da faɗawa a kan iyaka ɗaya. Rocky tana zuwa da katangar tsaro ta firewalld a kunne, saboda haka ka buɗe ƙofa mai lamba 6819 domin slurmctld ya iso, ka kuma tabbatar sabar tana iya kaiwa ga slurmctld a 6817, domin ta nan ne sauye-sauyen sacctmgr ke isa gare shi. Bayan ka sauya AccountingStorageHost, saitin da ke nuna sabar da slurmdbd yake, a slurm.conf na dukan kwamfutocin ka sake tayar da slurmctld, ka dubi sdiag har yawan saƙonnin da ke jira ya sauko zuwa sifili, sannan ka ciro rahoton sreport na watan jiya daga sabon rumbu ka gwada shi da wanda Malama ta riga ta ajiye. In sun yi daidai, ka kashe slurmdbd na tsohuwar sabar ta yadda ba zai tashi da kansa ba, amma ka bar faifanta da kwafin mysqldump a ajiye har sai slurmctld da dukan slurmd sun koma 23.02.