Neman Taimako Kan Sigar Jordan ta Matiriks Mai Layi Bakwai

Assalamu alaikum, malamai. Kwana uku ke nan ina fama da wata matiriks (wato jadawalin lambobi) A mai layi bakwai da ginshiƙi bakwai, wadda A³ = 0 amma A² ba sifili ba ce, kuma rankinta (wato adadi mafi yawa na layukanta da ba su dogara da juna ba) 4 ne. Na gane cewa tubalan Jordan (wato ƙananan matiriks da ke haɗuwa su ba da sigar Jordan ta A) uku ne, tunda bakwai a ɗebe huɗu saura uku, kuma babbansu mai layi uku ne. Inda na cije shi ne, tsarin girman tubalan 3, 3, 1 da tsarin 3, 2, 2 duk sun cika waɗannan sharuɗɗa. Shin rankin A² ne zai raba gardama? Idan haka ne, ina roƙon a nuna mini dalilin dalla-dalla.