Wani abu yana cinye min ganyen kolad

Maman Walid:
Assalamu alaikum jama'a. Sati 6 ke nan da na shuka kolad a ɗan lambun bayan ɗakina, wato ɗan'uwan kabejin nan da ba ya dunƙulewa, ganye kawai yake saki. Cikin kwana 7 ya tsiro, ina ta murna. To tun makon jiya ganyen duk ya yi huji-huji, wani wurin ma ba hujewa ya yi ba, kankare shi aka yi aka bar fata siririya kamar leda. Har na zargi kajin maƙwabta, Allah ya yafe min. Ganyayen ƙasa kuma sun fara yin ɗorawa. Ba na son maganin feshi mai ƙarfi, yara na wasa a wurin. Yaya zan yi?

Dattijon Lambu:
Wa alaikumus salam 'yata. Kaji ba sa irin wannan cin, yagar ganye suke yi. Gobe da sassafe ki juya ganyen ki duba bayansa. Za ki ga 'yan tsutsotsi koraye, tsawonsu bai wuce santimita 1 ba. Ki taɓa ɗaya. In ta yi wutsil-wutsil da baya ta sulale ta rataye da zare kamar na gizo-gizo, to su ne ɓarayinki. Ki tsince su da hannu. Sannan ki daka ƙwallon darbejiya, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗiga ruwan sabulu kaɗan, domin ganyen kolad santsi gare shi, ruwa zamewa yake yi. Ki fesa da yamma, ta ƙarƙashin ganye, duk mako.

Hajiya Mai Fulawa:
Maganar ɗorawar nan, 'yar'uwa, tazarar nawa kika bari tsakaninsu? Kolad na son santimita 45 zuwa 60, ga shi da cin taki. Ni ma shekarar farko tausayi ya hana ni cire wasu, duk suka tsumbure. Ki rage su, ki zuba ruɓaɓɓen taki a gindi. Kuma in kin zo tsinka, daga ƙasa ake farawa, kada ki taɓa tsakiyar, nan sabon ganye ke fitowa.

Maman Walid:
Baba, wallahi na gan su! Guda 19 na tsince yau, wata har ta rataye a yatsana. Hajiya, tazarar kuwa ko taƙi ɗaya ba ta kai ba. Waɗanda zan cire, zan iya dasa su wani wuri ko sun yi girma?