"Zama da maɗaukin kanwa": gargaɗi ne ko kira?

Matashi daga Mabera, Sakkwato: Iyayena da yayyena, barkanmu da yamma. A taron matasa na majami'armu wani ya kawo karin maganar nan, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai," ya ce mu masu bi mu ne maɗaukan kanwar, halinmu ya riƙa shafar maƙwabta. Ni kuwa tun ina yaro da gargaɗi na san ta. Ya yi daidai?

Dattijon coci, Gidan Dare: Ɗana, kunnenka bai ruɗe ka ba. Mai ɗaukar kanwa a ka, garinta ke zubo masa, wanda ya jera da shi ma sai ya kwashi rabonsa. Farin kan nan ba furfura ba ce, ƙura ce. Uwa ke faɗa wa yaron da ya fara bin 'yan shaye-shaye. Bulus ma haka ya gargaɗi Korintiyawa a wasiƙarsa ta fari, 15:33, cewa mugun abokin zama yana ɓata halin kirki. A bar ta inda Bahaushe ya ajiye ta.

Mama ta Zumuntar Mata: Baba, a gafarce ni. Kanwa ai ba ƙazanta ba ce. Da ita muke dafa wake ya yi laushi, da ita ake kunun kanwa na mai jego. Abin da maganar ke nunawa shi ne abu yana kama mutum bai sani ba. Shekara 19 ina awon gero da shinkafa a tsohuwar kasuwa, ban taɓa bubbuge gindin mudu ya lotsa ba, ban kuma taɓa tsayar da kowa na yi masa wa'azi ba. Yau Hajiyar da ke rumfar gefena, in za ta tafi sallar azahar, ni take bar wa jakar cinikinta. Ranar da maigidana ya rasu, ita ta fara shigowa da tabarmi, kwana uku tana nan.

Dattijon coci: To Mama, wa ya shafa wa wani kanwar ke nan? Ita ma ai ta koya miki.

Mama: Ƙwarai kuwa. Zaman makoki da duba mara lafiya, a wurin Sakkwatawa na ƙara koyonsu, ba zan ɓoye ba.

Malamin makaranta: Nan ne nake ganin mai jawabin ya ɗan zame. Ya ɗauka mu kaɗai ke ɗauke da kaya. Mu 'yan kaɗan ne a Birnin Shehu, kuma mun tarar da mutane da tarbiyyarsu. Irmiya 29:7 cewa ya yi a nemi zaman lafiyar garin da ake zaune a ciki, a yi masa addu'a. Ko a sama haka ake: Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, da ke kan karaga tun 2006, yana cikin shugabannin majalisar addinai ta ƙasa, Bishop Kukah na cocin Katolika kuma tun 2011 yake garin nan. Amma zumuncin manya ba ya shayar da unguwa. In kana da rijiyar burtsatse, zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, ka buɗe famfo ga masu azumi ko ka sa kwaɗo?

Matashi: Malam, ba gara mu ce gishiri ba, kamar Matiyu 5:13?

Dattijon coci: Faɗi gishirin, amma ka tuna da ɗayar: gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Wanda ke cika baki da adalcinsa, bashin Naira 5,000 kaɗai ya isa ya narkar da shi. Na san mawaƙin coci da mai shagon unguwarsu ke ɓoye littafin bashi in ya hango shi.

Mama: Baba, wannan kam sai dai a kira shi gefe. Ɗana, gobe ka biyo ta rumfata ka karɓi kanwa, ka ɗora a ka zuwa Mabera, ka dawo ka ba mu labari.